Inda Katako Ke Tsayawa Cak

Tun da duku-duku na ɗaure kaya. A jakar akwai cak ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe katako a kan injin sassaƙa, mai muƙamuƙi huɗu tare da makullinsa, da kalifa ta awon faɗi da kauri, da garkuwar fuska, da wasu akusa biyu da na fafe bara suna ɗanye, na ajiye suka bushe suka karkace. Sanarwar taron masu sassaƙar juyi cewa ta yi kowa ya zo da abin da yake riƙe katako da shi a kan inji, ko wanda yake taƙama da shi ko wanda ya taɓa ba shi kunya. Nawa yana tsakani: yana riƙewa, amma in na ɗora masa aiki sai in ga bakin kwano yana ɗan rawa. Tafiyar awa uku ce da ɗoriya a mota. Rabin ƙarshe siririyar hanya ce da ta ratsa daji, ga gumagumai an sassare an jibge a gefe, ni kuwa ina wucewa ina lissafin akushi nawa kowane gungume zai fitar. Duk mai wannan sha'awa ya san ciwon.

Wurin taron tsohon sito ne aka share, aka jera injuna shida a jikin bango, aka kafa allon roba mai kauri tsakanin kowane inji da kujerun 'yan kallo. Mun kai mutum talatin, yawanci ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Akwai malamin makaranta, akwai tsohon makanike, akwai wata mata da ba ta yin komai sai ƙananan akwatuna masu murfi. Ga wanda bai taɓa gani ba, sassaƙar juyi ita ce wadda inji ke juya katako, kai kuma ka ɗora kurfi a kan majingini kana aske shi har ya zama kwano ko tulu ko ƙafar kujera. Injin yana da kai, inda ƙarfen juyi ke fitowa da tiredi a bakinsa, wato zare irin na noti da ake murɗa cak a kai, yana kuma da matokari a ɗaya gefen, wanda ake turowa ya dafe katakon da tsininsa. Zancen ranar gaba ɗaya a kan abu ɗaya ya tsaya: me ke haɗa katako da ƙarfen juyin nan, kuma me ke raba su ba shiri.

A tsakiyar ɗakin an kafa dogon tebur, kowa ya ajiye nasa. Na ga Nova na kamfanin Teknatool da ke Niyu Zilan, wanda tun ƙarshen shekarun 1980 ya yaɗa irin wannan cak a hannun masu katako. Na ga Oneway na Kanada, da Vicmarc na Ostareliya, da Axminster da Record Power na Ingila. Cikinsu duk ɗaya ne: faifai mai zanen dodon koɗi, in ka murɗa makulli faifan ya juya ya ja muƙamuƙan huɗu lokaci guda, su matse ko su buɗe, kuma kullum suna neman tsakiya da kansu. Sunan ma ya dace da bakinmu, tunda aikinsa ke nan, ya riƙe abu cak.

Amma ba da teburin aka buɗe taro ba. Wani dattijo ne ya fito da bokiti ya zazzage a gabanmu, sai ga guntayen katako masu faɗin murfin gwangwani sun watsu. Dunduniyoyi ne, wato ɗan tudun nan da ake bari a gindin kwano don muƙamuƙi ya kama, kuma kowace ɗaya ɓallewa ta yi a kan inji. Ya daɗe yana tara su daga hannun abokai. Ya rarraba mana, ya ce kowa ya duba tasa ya faɗi abin da ya kashe ta.

Wadda ta faɗo hannuna tana da ƙyalli a ƙasanta, kamar an goge. Dattijon ya karɓa ya ɗaga sama. Wannan ƙyallin, in ji shi, shaidar cewa ta yi tsawo ne, ta je ta zauna a ƙasan muƙamuƙi. Da zarar ƙasan dunduniya ya taɓa ƙarfe, kafaɗar kwanon, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da dunduniyar, ba za ta sauka a saman muƙamuƙan ba, sai a bar 'yar tazara, kwano kuma ya zama kamar mutum a kan kujera mai ƙafa ɗaya. Nan gizo ke saƙa. Mutane suna zaton matsewar muƙamuƙi ce ke riƙe kwano, alhali rabin aikin kafaɗa ce ke yi. Kurfi yana cin katako ne a can bakin kwano, nesa da tsakiya, don haka ƙarfinsa yana zuwa ne kamar ana banƙare kwanon gefe. Abin da ke hana banƙarewar shi ne shimfiɗaɗɗiyar kafaɗa da ta kwanta a kan ƙarfe ta kowane ɓangare. In babu ita, jijiyoyin katakon da ke wuyan dunduniya su kaɗai ke ɗauke da nauyin, kuma a kwanon da jijiyarsa ta kwanta a gicciye, wuyan nan yana tsagewa kamar an fasa itacen girki.

Ta hannun maƙwabcina tana da tabo takwas masu zurfi, tsakaninsu kuwa ko ƙwarzane babu. Ita kuma faɗinta ne ya yi yawa. Ana ƙera muƙamuƙan huɗu ne a matsayin zobe ɗaya sannan a yanka shi gida huɗu, saboda haka ba sa zama cikakkiyar da'ira sai sun kusa rufewa, lokacin da tazarar da ke tsakanin kowane biyu ba ta wuce milimita 3 zuwa 5 ba. In ka buɗe su sosai don su haɗiye babbar dunduniya, kusurwoyinsu takwas kaɗai ke cizo, sauran ƙarfen yana shawagi a iska. Wani saurayi ya ce, "Baba, ai ni ina ɗaurewa ne har sai tafin hannuna ya yi zafi." Dattijon ya ce, "Shi ya sa naka suka fi yawa a bokitin nan, ɗana." Ɗaurin da ya wuce kima murƙushe jijiyar katako yake yi, kuma murƙusasshen katako ba ya riƙe komai.

Sauran guntayen kowanne da laifinsa. Wata an yanke ta da kwana mai lanƙwasa tsakanin dunduniya da kafaɗa, sai muƙamuƙi ya hau kan lanƙwasar maimakon ya shige lungu. Wata an fitar da ita daga ɓawo da farin itacen da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fara ruɓewa. Wata tsaga ce ta bi ta cikinta tun daga zuciyar gungumen, ba a lura ba. Wata kuwa lafiyarta lau, sai dai ƙanƙanta: milimita 50 aka ba kwano mai faɗin santimita 35. Ƙa'idar da yawancin mutanen ɗakin suka yarda da ita ita ce dunduniya ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na faɗin kwano. Wanda zai fafe babban akushi sai ya sauya muƙamuƙai zuwa na milimita 100 ko fiye.

Sannan ya hau inji ya yanka ɗaya muna kallo, bai ɗauki minti uku ba. Ya rufe cak, ya buɗe shi kaɗan har tazarar ta kai kaurin fensir da aka raba biyu, ya auna cikin da kalifa, ya zana wannan da'irar a gindin katakon yana juyawa. Ya auna zurfin muƙamuƙi ya rage milimita 2, ya ce tsawon ke nan. A ƙaramin kwano milimita 6 zuwa 8 ya wadatar. Ya share kafaɗa mai faɗin da ya ɗara saman muƙamuƙi, ya ɗan karkatar da ita ciki kaɗan don gefenta na waje ya fara taɓawa. Da ƙaramin kurfi mai tsini ya yanke jikin dunduniyar ya ba ta siffar wutsiyar kurciya, ƙasa ya fi wuya faɗi, daidai da karkatar muƙamuƙansa. Ya ja kunnenmu a nan: ba duk muƙamuƙi ne mai wannan karkata ba. Masu ita suna tsakanin digiri 75 da 80, ya danganta da kamfani, wasu kuma miƙaƙƙu ne masu haƙora a ciki, su dunduniya miƙaƙƙiya suke so. Ka duba naka, ka yanko ɗan kwali daidai da siffarsa, ka rataye kusa da inji. Abu na ƙarshe, bai goge ɗan ramin da tsinin matokari ya bari a tsakiyar dunduniya ba. Ya ce wannan ɗigon zai yi rana.

Wajen ɗorawa ma akwai tsari. Ya danna kwanon da tafin hannu a tsakiya yana murɗa makulli, ya ɗaure ta rami ɗaya, ya juya ya ƙara ta ɗaya ramin. Ya daidaita shi yadda jijiyar katakon ta bi ta tsakanin muƙamuƙai, ba ta fuskanci biyu kai tsaye ba, don kada biyu su ciji kan jijiya mai tauri, biyu su nutse a gefenta mai laushi. Ya sa fensir ya yi alama a gefen muƙamuƙi mai lamba 1, saboda in an cire a mayar daidai inda yake. Da yake itacen ɗanye ne, bayan 'yan mintoci ya tsayar da inji ya ƙara ɗauri, makullin kuwa ya tafi kusan rubu'in juyi. Ɗanyen itace yana saki a ƙarƙashin ƙarfe, ruwansa yana fita.

Daga nan gardama ta tashi a kan gurbi. Maimakon tudu, ana iya haƙa rami mara zurfi a gindin aiki, a sa muƙamuƙai ciki a buɗe su. Masu yin faranti sun tsaya a kansa, kuma suna da gaskiya: a faranti mai kaurin santimita 3 ba ka da katakon da za ka ɓata a dunduniya, gurbi mai zurfin milimita 3 zuwa 4 ya isa, ana ma iya ƙawata shi a bar shi. Amma gurbi tura katako waje yake yi, kamar yadda ake sa weji a fasa gungume. In naman da ke kewaye da shi bai kai milimita 20 zuwa 25 ba, ko akwai ɓoyayyiyar tsaga, makullin da kansa zai raba gindin biyu. A ganina, ga kwano mai zurfi dunduniya ta fi, don katako ya fi jure matsi a kan buɗawa, kuma tana barinka ka siranta ƙafar kwano yadda kake so daga baya. An bar zancen kowa yana kan bakansa.

Kafin hutun rana aka bi ta kan hanyoyin ɗora katako tun yana gungume, da ɗan sauri, tunda kowa ya san su. Tsakanin tsini biyu shi ne mafi aminci ga katakon da bai daidaita ba: mai yatsu huɗu a kan inji, mai boris a matokari, kuma kana iya sassautawa ka gyara zaman katakon har gefunansa su yi daidai. Duka biyun suna shiga ramin Morse ne, mazurarin da Stephen Morse ya fito da shi a Amurka a 1864, wanda karkatarsa ba ta kai digiri 3 ba, shi ya sa yake kama kansa ba tare da noti ba. Yawancin injuna lamba 2 suke ɗauka, ƙanana lamba 1. Ƙura kaɗan a ramin ta isa ta karkatar da tsini. A tabbata an cire ɓawo inda yatsun za su shiga, in ba haka ba sai su zama abin huda.

Akwai babban sukurun da ake kamawa a cikin cak. Shi ana huda masa rami ne daidai da kaurin jikinsa ban da tiredi, wajen milimita 8 zuwa 9 a yawancinsu, a murɗa katakon har fuskarsa ta manne da muƙamuƙai. Nan ma mannewar ce riƙon, ba sukurun ba. In katakon siriri ne a sa guntun filawud a tsakani don rage tsawon da zai shiga. A kan jijiya, wato inda aka datse itace, ba ya riƙewa, tsinke jijiyoyin yake yi ya fito. Ga manyan gumagumai kuwa har yanzu babu kamar faifan ƙarfe mai ramuka. Tsohon makaniken ya ɗaga wani baƙin sukuru irin na kafa allon silin, ya kama shi da filaya ya lanƙwasa, ya karye ƙas. Ƙarfensa busasshe ne, ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake. Na tagulla kuma laushi gare shi. A nemi sukurun ƙarfe mai kauri wanda ya cika ramin faifan, a sa a duk ramukan, ya shiga katako aƙalla milimita 20 zuwa 25, in a kan jijiya ne a ninka tsawon.

A lokacin hutu na kai wa tsohon makaniken cak ɗina. Bai ko buɗe shi ba. Ya tambaye ni tiredin injina, na ce inci 1 mai zare 8 a kowane inci. Waɗanda aka fi gani su ne wannan, da inci 1¼ mai zare 8, da M33 mai tazarar milimita 3.5. Na biyu da na uku sun yi kusa da juna har mutum zai iya fara murɗa ɗaya a kan ɗaya, ya ji ya cije ya ce tsatsa ce, ya sa ƙarfi ya kashe tiredin inji. Yawancin cak suna da ɗan bututu mai tiredi a baya wanda ake sauyawa gwargwadon inji. Ya kwance nawa ya ɗora a injin da ke kusa, ya kama miƙaƙƙen ƙarfe a muƙamuƙan, ya kafa agogon awo a jikinsa ya juya da hannu. Allura ta yi lilo. Ya sauke, ya zare wata wosha ta roba da nake sawa a baya don kada cak ya kafe, ya goge fuskar bututun da kafaɗar ƙarfen juyi da tsumma, ya ƙara ɗaure bututun da sifana, ya mayar. Lilon ya ragu har da ƙyar ake ganinsa. Tiredi ja kawai yake yi, in ji shi, abin da ke miƙar da cak shi ne haɗuwar ƙarfe da ƙarfe a wannan kafaɗar. Roba tana matsuwa gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a nan yana zama rawa a bakin kwano. Maganin kafewa shi ne tsabta da ɗigon mai, da murɗa cak a hankali har ya zauna, a ƙarasa da ɗan fizga guda. Ya kuma nuna mini ƙaramin sukurun da ke gefen bututun: duk wanda zai juya inji baya don goga da samfefa, ya ɗaure shi, in ba haka ba cak zai kwance kansa ya sauko.

Da aka dawo, akusana biyu suka zama abin darasi. Ana fafe ɗanyen kwano a bar kaurin bangonsa kashi 10 cikin ɗari na faɗinsa, a ajiye watanni. Itace yana tsukewa a gicciyen jijiya, a tsawonta kuwa kusan babu, don haka kwano ya koma siffar ƙwai, dunduniyarsa ma haka. In ka kama ta a yadda take, muƙamuƙi biyu kaɗai za su cije. Wani ya ɗauki ɗaya ya kifa cikinsa a kan cak ɗin da aka ɗan buɗe, ya kawo matokari ya sa tsini a ɗigon nan da dattijo ya ce kada a goge, ya matsa. Ya juya da hannu, ya bubbuga gefe har dogayen kunnuwan biyu suka yi daidai, ya kunna a hankali, ya aske dunduniya da kafaɗa suka koma da'ira. Shi ya sa ake yin dunduniyar ɗanyen kwano da ɗan ƙari a faɗi, don a samu abin askewa. Na biyun da na yi ta daidai wa daida tun farko, bayan gyara ta yi wa muƙamuƙan milimita 50 kaɗan. Aka ce sai dai a manna masa toshe.

Toshen gam guntun katako ne mai tauri da ake mannawa a gindin aiki, a yanka dunduniya a jikinsa. Fuskokin biyu dole su kwanta sumul. Farin gam na kafintoci yana son busasshen katako da kwana guda a matse. Sufagulu mai kauri yana kama ɗanyen itace ma, amma ba ya son bugu na farat ɗaya. Gam mai narkewa da zafi yana yi a ƙananan aiki, in an gama a ɗiga masa sifirit ya saki. Wasu suna sa takarda mai kauri tsakanin fuskokin don a raba da kurfi daga baya, sai dai abin da ke sa ta rabu da sauƙi a hannunka shi ne zai sa ta rabu a kan inji, don haka ba a janye matokari. Filawud bai dace da toshe ba, yana ɓarewa fallen-fallen.

Ana cikin haka muka ji fam daga inji na ƙarshe. Kwano ne ya tashi ya daki allon roba ya gangara ƙarƙashin kujeru. Ba wanda ya ji rauni. Da aka bincika, wanda ya yi aiki a injin kafin nan ƙaramin abu ya yi, ya bar gudun a sama, na bayansa ya ɗora kwano mai faɗin santimita 30 ya kunna bai duba ba. A juyi 1000 a minti, bakin irin wannan kwano yana tafiyar kilomita 56 a awa, kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke neman yaga shi sau huɗu yake ninkawa. Aka tuna da lissafin Dale Nish, wanda ya koyar da sassaƙa a Amurka: faɗin aiki da inci, a ninka da juyi a minti, amsar ta faɗa tsakanin 6000 da 9000. Kwano mai inci 10 ke nan juyi 600 zuwa 900, kuma wannan ga lafiyayyen katako ne da ya riga ya daidaita. A mayar da gudu ƙasa kafin a kunna, a juya aiki da hannu a ga bai taɓa majingini ba, a kauce daga saitin bakinsa. Dattijo ya je ya tsinto dunduniyar ya jefa a bokiti, bai ce uffan ba.

Yamma ta tafi ne a kan yadda ake kifa kwano a cire dunduniyar, a gyara gindi. Akwai manyan muƙamuƙan alminiyam masu maɓallan roba takwas da ake kira Cole, suna kama bakin kwano, ba a wuce juyi 600 da su. Akwai na Longworth, wanda wani mutumin Ostareliya mai wannan suna ya ƙirƙiro, faifai biyu masu lanƙwasassun ramuka da ke saɓa wa juna, in ka juya ɗaya maɓallan su matso tare. Duka biyun, in ta waje za su kama, ba sa son kwanon da bakinsa ya lanƙwaso ciki, santsi yake yi ya zame. Wani ya kawo na gida: faifan filawud mai kaurin milimita 18, da zobe na filawud mai soso a bakinsa, kwano a tsakani, dogayen noti huɗu sun haɗa su. Wannan kwano ba ya fita daga cikinsa ko da kurfi ya cije, amma kawunan notin su kasance ta gefenka, dogayen ƙarshen su koma baya, kuma ka san inda yatsunka suke.

Na zuƙar iska shi ya fi tara mutane. Famfo yana zuƙe iska ta cikin ramin ƙarfen juyi, kwano ya manne a bakin wani kofi mai zoben roba. Ba famfon ke riƙewa ba, iskar waje ce ke dannawa, kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita in an zuƙe duka. Mai injin ya yi lissafin a allo. In geji, wato agogon da ke auna ƙarfin zuƙar, ya nuna inci 20, kofi mai faɗin santimita 10 yana ba da wajen kilo 54, mai santimita 5 kilo 13 da rabi kacal, mai santimita 15 ya haura kilo 120. Ƙaramin kofi ba ya riƙewa ke nan, babba kuma yana iya fasa kwano mai siririn gindi, shi ya sa ake sa bawul na rage zuƙa. Ya ɗora wani kwano mai manyan ƙofofin jijiya, allurar geji ta ƙi tashi, iska na bi ta jikin katakon. Ya lulluɓe wajen da tef, ta hau. Mai zaune a kan tudu ya sani cewa duk hawan mita 300 yana cinye masa wajen inci 1 a geji. In wuta ta ɗauke kuma, riƙon ya tafi tare da ita.

Duk da haka, abin da na fi tsayawa a kai shi ne teburin matar nan mai akwatuna, wadda ba ta kawo ƙarfe ko ɗaya ba sai kwandon guntayen katako. Kowane guntu tana kama shi a cak, ta yanka masa ɗan tudu ko rami daidai da bakin abin da za ta kifa, ta cusa. Tana ba tudun karkata ƙanƙanuwa, digiri ɗaya ko biyu, tana gwadawa tana askewa kamar ƙura, har murfin ya shiga da ɗan ƙara ya zauna a kafaɗa. Guntun ya fi aikin laushi, don in wani zai ji ciwo ya zama shi. In ta zarce ya yi sako-sako, ta shimfiɗa fallen tishu ɗaya a kai, ko ta shafa ɗan ruwa itacen ya kumbura. Tana huda rami ta bayan guntun don ta sa sanda ta turo aikin in ya ƙi fita. Ga kwano kuwa dunƙulen katako take yi mai kan tulu, ta ɗora soso siriri, ta kifa kwano, matokari ya danna a tsohon ɗigon. Ta aske dunduniyar da ƙananan yanka masu nufar kan inji, ba masu tura kwano gefe ba, har ya rage ɗan tsiro mai kaurin milimita 8 zuwa 10 a ƙarƙashin tsini. Nan ta kashe inji, ta yanke shi da ƙaramin zarto, ta goge da samfefa. Na tambaye ta, "Malama, me ya sa ba kya ƙarasawa a kan inji?" Ta ce ta taɓa gwadawa, tsiron ya karye tsini ya huda gindin.

Rana ta yi sanyi aka shimfiɗa jaridu, masu son wanke cak suka zazzauna. Muƙamuƙai da ƙarafan da suke zamiya a kai duk suna da lamba 1 zuwa 4, kuma haƙoran kowanne an gusa su daban don su dace da zanen faifan. A mayar da su bi da bi, 1 sannan 2, ana juya faifan har bakin zanen ya kama kowanne. In aka saɓa, ɗaya zai tsaya nesa da tsakiya. Wajen ɗaura muƙamuƙai a bar sukurorin da ɗan sassauci, a rufe cak su daidaita kansu, sannan a ɗaure. Wanda bayansa a buɗe yake ba ya son giris, ƙura ce ke haɗuwa da shi ta zama kwaɓi, busasshen mai na feshi ya fi. Kada a buɗe cak har ƙarafan su leƙo waje da jikinsa, suna fasa gaɓar yatsa, na ƙarshensu ma yana iya kuɓucewa daga zanen. Makulli kuma ba ya kwana a jikin cak ko na ƙiftawar ido.

Na naɗe nawa a tsumma na sa a jaka, woshar robar na jefa a kwandon shara. Matar ta ba ni guntu ɗaya daga kwandonta in gani in kwaikwaya, an rubuta 62 da fensir a bayansa, faɗin bakin da yake ɗauka. Da na fito duhu ya fara, ana loda injuna biyu a bayan mota, dattijo yana tsaye a ƙofa da bokitinsa yana tambayar masu fita ko akwai wanda ya bar wata a gida.